Wa Ke Zaɓa Wa Ma'aikaci Abin da Zai Ci?

Ina gabatar da shirin safe na Hausa a wani gidan rediyo a nan Gadarif, kuma duk ranar Laraba mukan ware rabin sa'a don maganar lafiya da zaman gida. Wata Laraba a cikin kaka, lokacin da ake yankan riɗi, na shiga ɗakin watsa shiri da maganar da na kwana ina tsarawa. Na ce wa masu sauraro abin kunya ne a ce mu mutanen garin da ake kira rumbun Sudan mun bar dawar da ke fitowa a bayan gidajenmu, mun koma bin layin burodin alkamar da ake ɗaukowa a jirgin ruwa daga Rasha. Na ce mu koma ga kisra da asida, mu rage sukari, mu daina cin abinci a tsaye kamar waɗanda aka koro. Ranar na ji daɗin bakina ƙwarai.

Da aka buɗe layi, ta uku da ta kira wata dattijuwa ce mai sayar da shayi kusa da kasuwar amfanin gona. Bayan mun gaisa sai ta ce: “Ɗana, maganarka gaskiya ce, ban ƙi ba. Tambaya ɗaya gare ni. Kisrar nan da kake cewa mu koma mata, wa zai yi ta? Ni ina fita kafin asuba da gawayi da kujeru, ba na komawa gida sai bayan la'asar. Kai wa yake yi maka taka?”

Na ce, “Inna, Allah Ya ƙara girma,” na yi 'yar dariya irin ta masu aikinmu, na ce za mu dawo bayan sanarwa. Ba mu dawo kan maganar ba. A gefen takarduna akwai ragowar burodi da ta'amiyya a ƙunshe, ga kuma kofin shayi na uku tun asuba. Ita ba ta gani ba, amma ni na gani.

Tun daga ranar tambayarta ta ƙi barina, har ta rikiɗe ta zama wata babba: idan ma'aikaci yana cin abin da ke cutar da jikinsa, ko yake ƙarar da aljihunsa, ko yake gajiyar da ƙasar da ke ciyar da shi, laifin wa ne? Nasa ne, tunda da hannunsa ya kai baki? Ko na aikin da ya tsara masa yininsa?

Bari in fara da abin da nake nufi da ci mai ɗorewa, don kalmar ta yi yawo a bakin ƙungiyoyi har ta kusa rasa ma'ana. A wurina ma'auninta mai sauƙi ne. Ka ɗauki abin da ka ci jiya tun safe har dare, ka tambayi kanka: in na maimaita wannan kullum har shekara 10, me zai ƙare? In jikinka ne zai ƙare, cin bai ɗore ba. In albashinka ne, bai ɗore ba. In gonar da aka noma shi ce ko dajin da aka sare don dafa shi, nan ma bai ɗore ba. Kafin kiran Inna mai shayi a nan lissafina yake tsayawa, abu uku. Ita ce ta ƙara mini na huɗu: wanda ke bakin murhu. In mai dafawar ce za ta ƙare, wannan cin ma bai ɗore ba, ko da likita ya yaba masa.

Bayan shirin nan na shiga tambayar mutane abin da suke ci a ranar aiki. Ba bincike na yi ba, hira ce kawai irin ta ɗan jarida mai yawan tambaya. Ga kaɗan daga abin da na ji.

Direban raksha ya ce mini shi ba ya zama ya ci fatur, wato karin kumallon da a Sudan ake yi da hantsi, domin lokacin ne fasinja suka fi yawa, kuma kullum sai ya kai wa mai raksha kuɗinsa ko ya samu ko bai samu ba. Shayi yake sha, cokali 3 na sukari a kowane kofi, sau 5 ko fiye. Na yi masa lissafi: cokali 15 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci, wanda ga baligi yake kamawa kusan giram 50, wajen ƙananan cokula 12 a yini. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, “Ustaz, sukarin nan shi ne man da nake tafiya da shi. Ka cire shi, me za ka zuba mini?”

Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ta ce ta fi kowa sanin abin da ya kamata ta ci, tunda ita ke faɗa wa masu ciwon suga da hawan jini. Amma da ƙarfe 2 na dare abin da ke buɗe kusa da ita shagon biskit ne da lemon kwalba. Ɗan dako a kasuwar amfanin gona, wanda ke yini yana sauke buhunan dawa da riɗi a bayansa, ya ce fatur ɗinsu bosh ne: a gutsuttsura burodi a babban kwano, a zuba ruwan ful, a ɗan ɗiga mai, su biyar ko shida su sa hannu. Ya ce yana ƙosarwa, yana da arha, kuma ana gamawa kafin wata mota ta tsaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ɗan jungo ne, wato ma'aikacin gona na kaka. Su ne marubuci Abdul'aziz Baraka Sakin ya yi littafi sukutum a kansu, amma mu nan ba sai mun karanta ba, muna ganin su kowace shekara, 'yan ƙasa da waɗanda ke tsallakowa daga Habasha ta Gallabat. Riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi sakaci kwanaki kaɗan, sai kwanson ya fashe ƙwayar ta zube ƙasa, shi ya sa ake yankan sa da hannu cikin gaggawa, wani lokaci har da dare. A sansanin gona, wanda ke da nisa da kowace kasuwa, abin da mai gona ya aiko shi ne abinci: garin dawa, kajaik wato busasshen kifi, waika wato busasshiyar kuɓewa, albasa, gishiri da ɗan mai. Yau asida, gobe asida. Na tambaye shi ko man riɗi ake ba su. Dariya ya yi. Riɗin da yake yanka Port Sudan za shi, daga can ya haye teku.

Kai mai karatu, duba mutanen nan huɗu. Ɗan jungo shi ne ya fi kusa da abin da na yi wa'azi a kai: dawa yake ci, ta gida, ba alkamar waje, ba lemon kwalba. In da wa'azina ne ma'auni, da shi ne gwarzo. Alhali shi ne wanda ba a taɓa tambayar sa me yake so ba, kuma shi ne wanda jikinsa ya fi saurin ƙarewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini cewa maganata ta ranar Laraba da gyara.

Akwai amsoshi biyu da aka saba bayarwa, kuma kowace tana da nata ƙarfi. Ta farko ita ce ta masu cewa ciki naka ne. Ba wanda ya ɗura maka. Mutum mai hankali ne, kuma cire masa alhakin abin da yake ci raini ne, kamar an ce shi dabba ce da ake zuba wa harawa. Suna da hujja. Na san direbobi biyu masu aiki iri ɗaya da samu iri ɗaya, ɗaya yana fitowa da dabino da gyaɗa a aljihu da gorar ruwa, ɗaya kuma shayi da sigari. In aiki ne kaɗai ke zaɓa, da ba su bambanta ba. Kuma duk wanda ya yarda cewa ba shi da iko ko kaɗan a kan cikinsa, ya rufe wa kansa ƙofar gyara.

Ta biyu ita ce ta masu cewa talauci da tsarin aiki su ne komai, maganar zaɓi kuwa ta masu ƙoshi ce. Su ma suna da hujja, kuma tarihin burodi a ƙasar nan yana bayansu. Dawa 'yar gida ce tun fil azal. Masu binciken kayan tarihi sun samu alamun fara noman ta a yankin Khashm al-Girba, a kan hanyarmu ta Kassala, tun kusan shekara 5,000 da suka wuce. Alkama kuwa sai da sanyi da ban ruwa take yi, a Jazira da Sabuwar Halfa da arewa, kuma abin da ake nomawa ba ya isar birane, sai an shigo da mafi yawa daga waje. To ta yaya baƙuwa ta kori 'yar gida? Gwamnatoci sun yi shekaru suna tallafa wa garin alkama har burodi ya zama abinci mafi arha da ma'aikaci zai saya a dafe. Da aka taɓa tallafin, burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, sai Atbara ta fito kan titi ranar 19 ga Disamba 2018, Gadarif ta bi baya, kuma kowa ya san inda maganar ta ƙare a Afrilun 2019. Abincin da zai iya girgiza gwamnati ya wuce a ce sha'awar baki ce kawai.

Ga kuma abin da ban lura da shi ba sai da Inna ta yi magana. Mai sayen burodi lokaci yake saya. Kisra sai an kai niƙa, an kwaɓa, an bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, an hura wuta, an zauna a gaban saj ana shimfiɗawa ana ɓamɓarowa ɗaya bayan ɗaya a cikin zafi da hayaƙi. Mahaifiyata ta yi wannan fiye da shekara 30 don mu tara a gida. Yanzu idanunta kullum cikin ruwa suke, kuma tari ba ya barin ta da damina. Duk lokacin da na tuna da daɗin kisrarta nakan manta da wannan. Matata malamar firamare ce, tare muke fita da safe, tare muke dawowa a gajiye. Da na ce a rediyo “mu koma ga kisra,” ba ni nake nufin in koma bakin saj ba. Da bakina na ɗauki alkawari, da bayan wata za a cika shi. Kowa ya san daɗin tuwo, amma mai tuƙi ita ta san nauyin muciya.

To ina gaskiyar take tsakanin amsoshin nan biyu? Abin da na tsaya a kai shi ne alhaki yana tafiya ne gwargwadon iko. Kafin mutum ya ci abinci mai kyau a ranar aiki, sai ya mallaki abu uku: kuɗin saye, lokacin zama, da wurin da zai samu ko ya dafa. Wanda ya mallaki ukun duka, alhakinsa cikakke ne. Wanda ya mallaki ɗaya, alhakinsa gwargwadon ɗayan ne. Wanda bai mallaki ko ɗaya ba, alhakin bai ɓace ba, ya koma wuyan wanda ya riƙe masa su.

In aka auna da wannan, abubuwa sukan zauna a mazauninsu. Cikin ɗan jungo yana wuyan mai gona, domin shi ya zaɓi abin da aka loda a mota, kuma ƙara adas ko wake ko dakwa a cikin kayan sansani ba zai karya wanda ke noma fadan 1,000 ba. Cikin ma'aikaciyar jinya rabi nata ne, rabi na wanda ya tsara aikin dare bai tanadi ko wurin ɗumama abinci ba. Direban raksha yana da ɗan iko, kuma a cikin ɗan ikon nan ne za a yi masa magana: ba za a ce ya bar shayi ba, amma cokali 3 zai iya zama 2, kuma gyaɗa tana shiga aljihu. Ni kuwa, mai albashi, mai kujera, wanda shirinsa ke ƙarewa da hantsi, ba ni da wata mafaka. Burodi da ta'amiyyar da ke gefen takarduna lalaci ne tsantsa. Abin takaici, mu da muka fi kowa iko mu ne muka fi kowa yi wa marasa iko wa'azi.

Wannan ma'auni yana aiki har a kan ƙasa. Noman tarakta ya fara a yankin nan ne a tsakiyar shekarun 1940, a wajen Gadambaliya, sannan ya faɗaɗa sosai bayan kafa hukumar noman injina a 1968. An share dazuzzuka, an yi ta shuka dawa a kan dawa shekara da shekaru, har ƙuduji, wanda a nan ake kira buda, ya samu wurin zama, amfanin fadan ɗaya ya yi ta raguwa. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina ga itatuwa. Duk wanda ya bi hanyoyin gonaki da rani zai iya ƙirga da idonsa gonakin da suka cika wannan sharaɗi. Abin da nake gani shi ne hali ɗaya ne ke cin ƙasa yake cin ma'aikaci: a kwashi na bana, baɗi ta ji da kanta. Mai gonar da ba ya barin ƙasa ta huta, da wuya ya bar mutum ya zauna ya ci abinci. Saboda haka cewa kawai “ku ci dawa” bai wadatar ba, sai an tambaya yadda aka noma ta, da wanda ya yanke ta, da itacen da aka ƙona wajen dafa ta.

Na san abin da wani zai ce, domin abokin aikina ya riga ya faɗa mini. Ya ce ƙasa tana cikin yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023, makarantun Gadarif sun cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Madani a Disambar shekarar, an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam a Agustan 2024, kai kuma kana lissafin cokulan sukari? Maganarsa ta yi mini nauyi, kuma ban raina ta ba. Wanda bai samu ko loma ba, ba a yi masa maganar irin lomar. Amma yaƙin nan da kansa ya nuna cewa tambayar ba ta masu jin daɗi ba ce. Da manyan injinan niƙan alkama na Bahri suka tsaya, hanyoyi suka yanke, kuɗi ya faɗi, abin da ya riƙe gidaje da yawa shi ne buhun dawar da ke ɗaka. Takaya, wato tukwanen unguwa da matasa da mata suka kafa don ciyar da jama'a, da adas da balila da asida suka fi dogara. A shekarar 2023 ɗin nan ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don tunawa da gero da dawa da danginsu. Mu ba mu samu zarafin biki ba, darasin ne ya zo mana har gida.

Takaya ta koya mini wani abu kuma, wanda yake shi ne mafi kusa da amsar tambayar Inna. Tukunya ɗaya mai ciyar da mutum 100 ba ta cin itace da lokacin tukwane 20. Abin da ya gagari mutum ɗaya a gidansa yakan yiwu in an haɗu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji daga ƙasar Hausa suka zauna a nan sun zo da gayya, suka tarar da ita ana kiran ta nafir. Da azumi muna fito da kwanuka bakin titi mu ci tare. 'Yan dakon da ke haɗa kuɗin bosh ma gayya suke yi, sai dai abin da ke cikin kwanon ne ke bukatar ƙari. Wataƙila kuskurena na farko shi ne na ɗauki ci a matsayin jarrabawar da kowa zai zauna shi kaɗai.

Ga ɗan abin da na iya yi, kuma ban ce ya isa ba. A wurin aiki mu shida muka haɗa kuɗi, muka yi magana da wata mata a unguwa mai sana'ar kisra, tana kawo mana da miyar waika ko ta adas kwana uku a mako. Mun yarda ba za mu yi mata cinikin ƙeta ba, domin in mun matse ta mun mayar da hayaƙin kan wata uwar ke nan. Na rage shayina zuwa kofi 2. A gida na karɓi dafa ful da adas na daren Juma'a da Asabar, abin da ya ba mahaifiyata dariya har ta yi tari. A shiri kuma na daina tambayar masu kira me ya sa ba sa cin kaza da kaza. Yanzu nakan tambaye su ƙarfe nawa suke samun zama, kuma wa ke da ikon ba su wannan lokacin. Wani mai gona ya kira ya ce ina zuga masa ma'aikata. Wani kuma ya kira ya tambayi nawa buhun adas yake.

Bayan makonni na je kasuwar amfanin gona na nemi Inna mai shayi, ban sha wuya ba na same ta. Na gaishe ta, na ce ni ne ɗan rediyon da ya gudu daga tambayarta. Ta dube ni ta ce ta ɗauka na fi haka tsufa. Na ba ta labarin matar da ke kawo mana kisra, ina jiran yabo. Ta zuba mini shayi, ta ce, “To madalla, ɗana. Ita kuma mai kisrar, wa yake yi mata abincin rana?”

Ban sani ba, domin ban taɓa tambaya ba. Na sha shayin, na biya, na ce mata zan tambaya in dawo. Gobe Laraba, kuma da wannan tambayar zan buɗe shiri.